Surukata ta ce Hannatu sunan Yahudawa ne

Assalamu alaikum Anti. Shekarata tara da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, sai bana Allah ya dube ni. Yanzu cikin ya shiga wata takwas, kuma hoton asibiti ya nuna mace ce. Tun ranar da aka tabbatar da cikin maigidana ya ce in mace ce zai mayar mini da sunan mahaifiyata, Hannatu, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce tana roƙa mini haihuwa. Kwanaki sai ƙaninsa da ke jami'a ya buɗe waya a gaban Hajiya surukata, ya karanta mata cewa sunan Ibrananci ne, yaren Yahudawa, har da wata attajirar Bayahudiya mai sunan da ta taɓa karɓar gari guda a Falasɗinu. Hajiya ta ce ita dama ta lura 'yan coci sun fi sa shi, kuma ba za a yanka rago da sunan Yahudawa a gidan ɗanta ba, ana cikin wannan abu da ake yi wa mutanen Gaza. Maigida ya yi gum. In na tayar da maganar sai ya ce, "Bari dai a sauka lafiya." Anti, gaskiya ne abin da yaron nan ya karanta? Ashe uwata ta yi shekara sittin da sunan da bai halatta ba? Wallahi barci ya ƙaurace mini.

Daga wata baiwar Allah a Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, ke kuma ya raba ku lafiya. Kafin komai, rashin barcin nan ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya a awo na gaba, ta duba jininki. Cikin da aka jira shekara tara ba a barin hawan jini ya shigo masa ta ƙofar rigimar suna.

Ƙanin mijinki bai yi ƙarya ba. Asalin sunan Ibrananci ne, kuma ba zan ɓoye miki hakan don ki ji daɗi ba, domin in na ɓoye, gobe ya sake buɗe wayar ya kunyata mu duka. Sai dai rabin shafi ya karanta ya rufe.

Masu yaren suna cewa Hanna, da ha mai fitowa daga maƙogwaro, irin ta Halima da Hamza. Ya fito daga tushe mai baƙaƙe uku, ha da nun da nun, kuma ma'anarsa tagomashi, alheri, samun shiga a wajen wanda ya fi ka. Ibrananci da Larabci kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne. Waɗancan su ce shalom, waɗannan su ce salam, waɗancan su ce bayit, waɗannan su ce baiti. Tushen nan yana nan daram a Larabci, shi ne ya ba da hanan, wato tausayi da taushin zuciya. Ki buɗe Suratu Maryam, aya ta 13, inda Allah yake bayanin baiwar da ya yi wa Annabi Yahaya, za ki ga "wa hananan min ladunna", tausayi daga wajenmu. Kin kuma san labarin kututturen dabinon da Manzon Allah (SAW) yake jingina da shi yana huɗuba, wanda ya yi ta kukan bege ranar da aka koma mumbari. Kalmar da aka ruwaito kukan da ita, hanna, daga wannan tushen take. Yadda Hannatu da Hanan suke a kunne, haka suke a jini.

Mu kuma ba daga bakin Bayahude muka karɓo shi ba, kuma shaidar tana jikin sunan. Wannan "tu" ɗin na ƙarshe, shi ne dai na A'ishatu da Faɗimatu da Hafsatu da Saratu. Ta'un mace ce ta Larabci da rufu'a a kanta, wadda malamanmu suke furtawa a fili in suna karanta littafi baƙi da fassara, har ta manne a bakin jama'a. Bature ya ɗauki sunan nan ya mayar da shi An ko Ana ko Anita, mu muka ce Hannatu, a gida kuma Hanne. Ta hanyar zaure da buzu da littafin tafsiri ya iso ƙasar Hausa. Layin da na tashi, Hanne uku ne, ɗaya ma matar limamin unguwa ce, ita take biya mana allo in Malam ya tafi ɗaurin aure, tana tsinkar zogale da hannu ɗaya, tsumagiya a ɗayan. Ban taɓa jin wanda ya ce a je a binciki sunanta ba.

Wace Hannatu malaman suka samu a tafsiri? Kakar Annabi Isa ta wajen uwa. Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, "matar Imrana" kawai ya ce a Ali Imrana, aya ta 35, don mace ɗaya tak aka kira da sunanta a cikinsa, wato Maryam. Amma manyan masu tafsiri irin su Ɗabari da Ibn Kasir sun kawo cewa sunanta Hanna 'yar Faƙuz. Sun kuma kawo cewa ta daɗe ba ta haihu ba, har wata rana ta ga tsuntsuwa tana ba ɗanta abinci a baki, abin ya sosa mata rai, ta roƙi Allah ya ba ta nata. Da ta samu ciki ta yi bakance cewa abin da ke cikinta na hidimar ɗakin Allah ne, tana sa ran namiji. Sai ga mace. Na san ba sai na ce miki komai a kan wannan ba, ke da kika shekara tara kina kallon 'ya'yan mutane ranar sallah. Abin da nake so ki lura da shi yana aya ta 36: "wa inni sammaituha Maryam", ni kuma na sa mata suna Maryam. Uwa ce take magana, ita ta raɗa wa 'yarta suna, kuma Allah ya kawo maganarta ba tare da ya ƙi ta ba.

Maganar Hajiya cewa Kiristoci suna yawan sa sunan, ita ma gaskiya ce, a Zariya kuwa ba sai an gaya wa mutum ba. Dalilinsu wata Hannatun ce da ta riga wannan da kusan shekara dubu, wadda labarinta ya buɗe littafin Sama'ila na ɗaya a Littafi Mai Tsarki. Matar wani mutum ce mai suna Elkana, kishiyarta Feninna tana da 'ya'ya, ita babu, kuma kishiyar ba ta raga mata da gori. Duk shekara in sun je ibada a Shilo sai ta kasa cin abinci don kuka, mijin yana lallashi yana cewa ashe shi bai fi mata 'ya'ya goma ba (maza dai tun fil azal haka suke lallashi). Ranar nan ta tsaya tana addu'a, leɓɓanta suna motsi ba a jin muryarta, har malamin wurin, Eli, ya zaci ta sha ta bugu ne ya yi mata faɗa. Ta haifi Sama'ila, da ta yaye shi ta kai shi ta bar shi a ɗakin ibada, kowace shekara kuma ta ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Wannan yaron shi ne masu tafsirinmu da yawa suke kira Shamwilu, annabin da Bani Isra'ila suka ce ya naɗa musu sarki a Suratul Baƙara, aya ta 246, aka ba su Ɗalutu. To kin ga, maƙwabciyarki Kirista da ta sa wa 'yarta Hannatu da marigayi kakanki da ya sa wa Mama, kowa da ƙofar da ya shigo, gidan dai ɗaya ne, kamar yadda muke tarayya a Maryamu da Saratu da Rahila.

In da asalin Ibrananci yana haramta suna, da an sha aiki. Yusufu, Yakubu, Isiyaku, Dauda, Sulaimanu, Zakariya'u, duk can suka fito, kuma duk ɗan Islamiyyar da ya taɓa nahawu ya san ba a yi musu tanwini saboda ba Larabci ba ne. Ki ƙirga 'yan gidan mijinki a zuciyarki, da wuya ki kai mutum biyar ba ki ci karo da ɗaya ba. Sunayen da Manzon Allah (SAW) ya canza, ma'anarsu ya duba. Ya mayar da wata Asiya, mai ainun da sadun, wato mai saɓo, zuwa Jamila, ya mayar da Barra zuwa Zainab saboda akwai yabon kai a ciki. Matarsa Nana Safiyya kuwa 'yar shugaban Yahudawan Banu Nadir ce, kuma ranar da aka yi mata gori da "'yar Bayahude" ya same ta tana kuka, sai ya ce mata ita 'yar annabi ce, baffanta annabi ne, kuma tana auren annabi, yana nufin Haruna da Musa da shi kansa. Ni ba malama ba ce, ba kuma fatawa nake ba ki ba. Amma ki cire wa ranki cewa Mama ta rayu da haramtaccen suna.

Saura attajirar. Daga yadda kika kwatanta, Girasiya Nasi yake nufi, kuma tunda ya jawo ta cikin falon Hajiya, gara ki san ta fiye da shi.

An haife ta a Fotugal a 1510. Danginta 'yan gudun hijira ne daga Sifen, cikin Yahudawan da aka kora a 1492, shekarar da Garnaɗa, birnin Musulmin Andalus na ƙarshe, ta faɗi. Hannun da ya kore su shi ne ya juyo kan Musulmi daga baya, ya tilasta musu shiga Kiristanci, ya ƙare da kwashe jikokinsu daga ƙasar tun daga 1609. A Fotugal ma ba su tsira ba, don a 1497 sarki ya sa aka yi musu baftisma da ƙarfin tsiya. Saboda haka yarinyar ta tashi da suna biyu. A coci da kasuwa da takardun hukuma ita ce Biyatiris da Luna. In an rufe ƙofa kuma ita ce Girasiya, wanda fassarar Hanna ce kai tsaye da yaren Sifen, alheri. Sunan da Mama take amsawa a bakin ƙofa kowa yana ji, wannan matar ta yi wajen shekara arba'in ba ta isa ta amsa shi a titi ba, don yana iya kai ta ga wuta.

A 1528 ta auri Faransisko Mendis, wanda shi da ɗan'uwansa Diyogo suke riƙe da babban kaso na cinikin masoro da kayan yaji da jiragen Fotugal suke kawowa daga Indiya, suna kuma ba sarakunan Turai bashi. Wajen 1535 mijin ya mutu ya bar ta da 'ya ɗaya, ita kuma ba ta wuce ashirin da biyar ba. A 1536 aka kafa kotun cocin nan mai farautar waɗanda ake zargi da tuban muzuru, sai ta tattara ta koma Antwaf, a Beljiyam ta yau, wajen ƙanin mijin. Shi ma da ya mutu bayan 'yan shekaru, ita ya bar wa ragamar dukiyar gaba ɗaya. Abin da ta yi da ita shi ya sa ake tuna ta. Jiragen da ke dakon masoro daga Lizbon, babban birnin Fotugal, sukan taso da mutane a ɓoye, wakilanta su tarbe su, a bi da su ta ƙasa a ƙetare duwatsun Alf zuwa Italiya, daga can a sa su a jirgi zuwa ƙasar Turkawa, kuɗinsu kuma ya bi su ta takardun kamfani.

Ba waliyyiya ba ce, 'yar kasuwa ce mai wuyar sha'ani. Da fadar masu mulkin ƙasar ta matsa sai an aurar da 'yarta ga wani bafade don dukiyar ta dawo hannunsu, ta sulale ta gudu Benis, a Italiya. Can kuma rigimar gado ta ɓarke tsakaninta da ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, har ƙanwar ta kai ƙararta wajen hukuma cewa Yahudanci take yi a ɓoye. Kin ga rikicin dangi ba a gidanku aka fara ba. Ta koma Farara, wani birnin Italiya, inda ta fara fitowa fili da sunanta na gida, sannan a 1553 ta isa Santambul, ƙarƙashin Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya (ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba). Wani marubucin Sifen na zamanin ya ce ta shiga birnin da mahaya arba'in da kekunan doki huɗu cike da mata da barori. A ƙasar sarki Musulmi ne matar nan ta samu ta zauna da sunanta da addininta ba tare da waiwaye ba, ta gina wuraren ibada da makarantu, ta fanshi fursunoni.

Bayan shekara uku, a 1556, Fafaroma Bulus na huɗu ya sa aka ƙone mutum sama da 20 daga cikin irin mutanenta a Ankona, wata tashar jiragen ruwa a Italiya. Sarki Sulaiman da kansa ya rubuta wa Fafaroma yana neman a saki waɗanda talakawansa ne. Ita kuma ta haɗa kan 'yan kasuwa su ƙaurace wa tashar, su karkatar da kayansu zuwa Fesaro, wata tashar da ke kusa. Ƙauracewar ta yi 'yan watanni ta watse, don wasu malamansu sun ƙi goyon baya, suna tsoron abin da zai faɗa wa Yahudawan da suka rage a Ankona.

Garin da yaron ya ce ta karɓa, Ɗabariyya ce, a bakin tafkin Galili. Wajen 1560 Sarkin ya ba ta hayar wurin tana biyan kuɗi duk shekara, lokacin garin kusan kufai ne. Aka sake gina ganuwa, aka dasa itatuwan kiwon tsutsar siliki, da niyyar 'yan gudun hijira su samu wurin zama da sana'a. Abin bai yi nisa ba. Ta rasu a 1569, mulkin ƙasar kuma bai taɓa barin hannun Sarkin ba. Gaskiya ne wasu a Isra'ila ta yau suna ɗaga ta a matsayin wadda ta fara share musu hanya, kuma na faɗa miki ne don kada a ba ki mamaki da shi. Amma tsakanin mutuwarta da 1948, shekarar da aka kafa Isra'ila, akwai shekara 379. Zafin da Hajiya take ji game da Gaza, ni ma ina jin sa, kuma ba zan ce ta rage ba. Ɗora shi a kan macen da aka binne tun Kano tana ƙarƙashin sarakunan Haɓe, balle a kan jaririyar da ba ta ma iso ba, shi ne ban ga hanyarsa ba.

Duk wannan na rubuta ne don zuciyarki ta kwanta. Kada ki ɗauke shi ki tafi da shi ɗakin Hajiya. Suruka ba ta sauka daga magana don matar ɗanta ta fi ta hujja, sai ma ta ƙara hawa.

Kuma ina zargin ba Ibrananci ne yake cin ta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ita ma shekara tara ta yi tana jira, kuma kin san al'adarmu, 'yar fari mace yawanci uwar miji ake mayarwa, ko wata tasu. Mai yiwuwa ta daɗe da sa rai za a yi mata takwara, ko a tayar da sunan tata uwar, sai ta ji a bakin yara cewa an riga an yanke, ba a ko shawarce ta ba. Babbar mace ba za ta buɗe baki ta ce "ni fa?" ba. Sai ga ɗanta ya miƙo mata dalilin da za ta iya faɗa da ƙarfi ba tare da kunya ba, har da lada a ciki. Ki tambayi kanki, wa ya fara gaya mata sunan, kuma ta yaya? In amsar ita ce a iska ta tsinta, to an yi mata laifi, ko da ba da gangan ba.

Gyaran na mijinki ne. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa in an yi saɓani, haƙƙin raɗa suna na uba ne, kuma shi ya yi alkawarin da bakinsa, ba ki roƙe shi ba. Shirun da yake yi ba lallai janyewa ba ce, mutum ne da aka sa tsakanin uwarsa da matarsa yana fatan haihuwa ta raba gardama. Ba za ta raba ba, sai dai ta mayar da ita rigimar kwana bakwai, kina jego gida cike da 'yan barka. Ki same shi da dare bayan ya ci abinci, ba da kuka ba, ba kuma da "ka yi mini alkawari" ba. Ki ce masa kin gane nauyin da ke kansa, kuma kina so a gama maganar kafin watan haihuwa ya kama. Ki roƙe shi abu biyu. Ya je wajen malamin da Hajiya take jin maganarsa, wanda take sauraron tafsirinsa da azumi ko limamin da ya ɗaura muku aure, ya tambaye shi hukuncin sunan shi kaɗai tukuna. In malamin ya ce babu laifi, sai ya roƙe shi ya faɗa wa Hajiya da bakinsa, ya ba ta labarin matar Imrana. Sannan shi mijin ya koma wajenta shi kaɗai, ya durƙusa, ya ba ta haƙurin rashin fara kawo mata maganar, ya nemi ta ba shi sunan a matsayin alfarma ga marainiyar da uwarta ta mutu ba ta ga jikarta ba. Abin da Hajiya ba za ta bayar a gardama ba, tana iya bayar da shi kyauta, a ce ita ta yi.

Akwai kuma abin da za ki iya miƙa mata da hannunki. Tunda sunan mahaifiyarki ne, ke kanki ba za ki iya kiran yarinyar da shi ba, dole a yi mata alkunya, Ummi ko Mami ko Walida. Ki bar wa Hajiya wannan. Sunan da za a ji a tsakar gida safe da yamma ya zama ita ta zaɓa, na yanka ya zama na Mama. Mijinki kuma ya faɗa mata a fili cewa in Allah ya ƙaro wata, tata ce. Ƙanin mijin kuwa ki ƙyale shi, ki ci gaba da zuba masa abinci yadda kika saba. In yayansa ya ga dama ya tura masa wannan shafin ya ƙarasa karatunsa.

In an yi duk wannan Hajiya ta kafe, mijinki kuma ya ga ba zai iya tsallake maganarta ba, zai yi miki ciwo, kuma kina da damar ki nuna masa ya yi miki ciwo. Amma kada ki yi yaji a kai, kada ki bari danginki su mayar da ranar suna filin daga. Ki karɓi sunan da aka raɗa, ki sa ya maimaita alkawarin a gaban wani babba nasa cewa ta gaba Hannatu ce, ke kuma ki riƙa kiran wannan Ummi a ɗakinki, kowa ya san wa kike nufi. Ranar sunan ki ware kwano guda na abinci ki aika makarantar allo sadaka ga Mama. Ki rubuto mini in kin sauka, ina son jin nauyinta da wanda ta ɗebo.